Shekarar da Malam Ya Shiga Halwa

Kun taso kun tarar da ni da farar riga da tabarau, ina ta maganar ƙwaƙwalwa da hanji, kuma na san in an tambaye ku aikin babanku kukan ce likitan ɓeraye ne don a yi dariya a wuce. Ban taɓa jin haushi ba, don gwaggonku Tumba ce ta raɗa mini sunan tun ba a haifi yawancinku ba. Amma ran sunan ɗan Nana na ji wani cikin danginmu yana ba ku labarin shekarar fari, yana cewa kakanku ya taɓu a shekarar, ni kuma an jawo ni gida an ɓata mini karatu. Na yi shiru don taro ne. Yanzu da na ajiye aiki za ni faɗa muku yadda abin ya kasance, tunda cikin waɗanda abin ya shafa saura ni da mahaifiyarku.

A shekarar ina ƙasar Turawa, ni da mahaifiyarku da Nana tana goye. Ina aiki ƙarƙashin wata dattijuwar malama a kan wani sinadari da ake kira sirotonin. Jiki ne ke haɗa shi daga abincin da mutum ya ci, jijiyoyi kuma na aika saƙo da shi. A ƙwaƙwalwa yana da hannu a barci da walwala da marmarin abinci, amma mafi yawansa a hanji yake, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan tun farko. Saƙon ba ya shiga sai ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin jijiya, waɗanda muke kira makarɓai, kuma ba iri ɗaya ba ne. Aikina shi ne in yanko ɗan guntun hanjin ɓeran masar, in rataya shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, in ɗaura masa zare zuwa wani alƙalami, in ɗiga magani in ga yadda zai yi. In ya tsuke alƙalamin ya yi sama, in ya saki ya sauko. Ana nan sai na fara ganin wani motsi da bai dace da makarɓan da aka sani ba. Malamata ta daɗe tana duban zanen, ta ce in ci gaba, wataƙila wata ƙofa ce da ba a san da ita ba. Ina cikin wannan ɗoki kaset ɗin gida ya iso.

Kakanku, wanda duk garinmu Isa ke kira Malam, ba ya son wasiƙa. Ya ce takarda ba ta da murya. Sai ya tara gida a gaban rikoda, kowa ya gaishe ni bi da bi, kana jin awaki da sakaina na faɗuwa a bayansu, shi kuma ya rufe da tilawa. Mahaddaci ne, manyan mutane ke zuwa zaurenmu daga Gangara da Gatawa da Sabon Birni ɗaukar karatu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin harshensa ya karkace ba. Ran nan muna cin abincin rana na kunna. Ya fara lafiya lau, sai ya kai wata gaɓa ya tsallaka zuwa wata sura mai kama da ita. Ya tsaya. Ya koma baya, ya sake faɗawa wuri guda. Ina jin numfashinsa, sai aka kashe rikodar. Da aka sake kunnawa muryar Yaya Tumba ce, ƙasa-ƙasa.

"Garba, kowa lahiya lau. In ka samu hali ka taho."

Mahaifiyarku ta ajiye cokali ta dube ni. Washegari na nemi izinin ɗan hutu, na bar su can na taho ni kaɗai.

Daga Sakkwato zuwa Isa ban ga kore ba. Damina ta wuce, amma karan gero bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye ba zangarniya. Gulbi ya zama yashi, mata na tona shi suna jiran ruwa ya tsatso. Fulani sun yi kudu da abin da ya rage na shanunsu, nono ya ɓace a kasuwa, gyaɗa da wake sai dai labari. Abin da ke riƙe da mutane shi ne jar masarar agaji, mu kuwa Gobirawa da gero muka tashi, masara abin gasawa ce a bakin gona. A gefen gidanmu, cikin lungun da ke bayan turakar Malam, na ga bukkokin tsumma da kara. Baƙi ne da yunwa ta koro daga hayin iyaka, Malam ya ba su wurin. Zaure kuwa a share yake, buzun Malam a naɗe, ba kowa.

Inna ta tarye ni a tsakar gida. Ta rame, amma ɗankwalinta a ɗaure tsaf kamar kullum. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Mun ce ma mutane ya shiga halwa," in ji ta. "Kai ma shi za ka ce."

"Inna, mi ya same shi?"

"Shiga ka gani. Wasu sun ce sammu, wasu sun ce iska. Ni dai na san mijina na, ba ni barin a yi kallo nai."

Na same shi zaune a gefen gado yana shafa bango. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni da fara'a, ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu tun ina yaro, ya tambaye ni ko na ɗaure jaki. Na ce na ɗaure. Na riƙe hannunsa don in ɓoye fuskata, a nan ne na lura da fatar. Bayan hannun ya yi baƙi ya tsattsage kamar wanda wuta ta lasa, baƙin ya tsaya cak daidai inda hannun riga ke rufewa. Na janye wuyan rigarsa, ga shi nan ya zagaye wuya kamar an sa masa sarƙa. Harshensa ja wur. Yaya Tumba da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce gudawa ta daɗe tana damunsa, kuma tun kafin karatu ya fara kuɓuce masa ya daina dariya, ya daina barci. Sai na ji wani sanyi a raina, don na san abin. Na karanta shi a littafi ina ɗalibi, ciwon mutanen da ba su da abinci sai masara tsura. Akwai wani abu a abinci da jiki ke haɗa sirotonin da shi, daga shi kuma yake haɗa wani bitamin da jijiyoyi ba sa rayuwa sai da shi, masara kuwa ba ta wadatar da ko ɗaya. Fata ta lalace, ciki ya ɓaci, hankali ya bi baya. Ni ba likitan mutane ba ne, don haka na je asibitin Isa na roƙi wani matashin likita ya biyo ni gida da la'asar kamar mai ziyara. Ya duba ya ce haka ne, ya rubuta mini ƙwayoyin da zan nemo a Sakkwato, ya ce amma maganin gaske abinci ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk gidan masarar nan ake ci, me ya sa shi kaɗai? Na tambayi Inna, ta kusa jin haushina.

"Duk gidan ga shi ka cin mai kyau. Akuya guda ta rage muna, nononta nashi na. Ɗan waken da na ɓoye nashi na, ƙuli-ƙulin da Tumba ka samowa nashi na. Kullum ƙwarya fanko take dawowa."

Washegari da rana na zauna a ɗakinsa. Inna ta aiko da tuwon masara a akushi, da 'yar ƙwarya mai nono da garin ƙuli-ƙuli a ciki. Na yi kamar ina gyangyaɗi. Malam ya dubi abincin, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya ɗauki 'yar ƙwaryar da hannu biyu don kada ta zube, ya nufi tagar da ke kallon lungu. Ya ƙwanƙwasa katakon. Wani hannu ya shigo ya karɓa, bayan ɗan lokaci aka miƙo ƙwaryar a wanke. Ya dawo ya zauna, ya yi bisimilla, ya ci lomar tuwo biyu ya ture. Mutumin da bai san sunana ba, bai san a wace shekara yake ba, bai manta da wannan ba. Na fita na zagaya lungun. Wani dattijon Buzu ne mai suna Agali, da 'yarsa mai jego wadda nononta ya ƙafe, da jaririn da ake ɗiga wa nonon akuyarmu da cokali. Tun ranar da suka sauka Malam ke ba su rabonsa, a zaure da farko, daga baya ta taga.

Yaya Tumba ta ji labari ta ɗora hannu a ka. Ku da kuka san ta da tsufa kun san faɗanta, to a lokacin tana da ƙarfinta.

"Su tashi! Yau ɗin ga su tashi! Sun cinye muna uba muna zaune!"

Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar Agali a zaure. Ya ji komai ta katanga. Ya sauke rawaninsa daga baki, abin da Buzu ba ya yi a gaban mutane, ya ce wallahi ya zaci gidan malami babba ba ya rasa nono, da ya san rabon Malam ne da ya gwammace ya binne jikansa. Ya ce sun riga sun fara kwance bukka. Inna na bayan labule tana ji. Ban taɓa jin ta yi magana da baƙon namiji ba sai ranar.

"Baƙon Malam ba ya tashi Malam bai sallame shi ba. Koma ka ɗaure bukkarka. Nonon akuya na jinjiri na, yadda mai gida ya yanke. Abin da Malam za ya ci kuma, wannan aikina na."

Na tafi Sakkwato na samo ƙwayoyin, na bi wata babbar mota zuwa wajen Gusau na dawo da buhun gyaɗa da na wake. Amma samun abinci daban, cinsa daban. Duk abin da aka kai masa mai kyau sai ya nufi taga da shi, in an hana shi ya juya wa bango fuska ya ƙi buɗe baki. Na yi lallashi, Yaya Tumba ta yi kuka, a banza. Sai Inna ta yi abin da ya ba mu kunya ya kuma ba mu dariya. Ku sani, tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya Malam bai taɓa ganin ta kai loma baki ba, haka matan zamaninsu suke. Ran nan ta dafa wake da man gyaɗa, ta ɗauki akushin da kanta ta shiga turaka, ta zauna a tabarma daf da shi, ta wanke hannu. Ni da Yaya Tumba muna leƙe ta labule kamar yara.

"Malam, na kai ma baƙinka nasu, sun ci sun gode. Wanga namu na, ni da kai. In ba ka ci ba, ba ni ci."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ɗebi loma ta riƙe a hannu, ba ta kai baki ba, tana jiransa. Can sai ya ce, da wata murya irin ta da, "Ke ko kunya ba ki ji?" Ta ce, "Na bar ta waje." Ya yi dariya, ya sa hannu. Yaya Tumba ta toshe bakinta da gyale ta ruga madafa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Daga ranar tare suke ci, har ƙarshen rayuwarsa ba su daina ba, in an yi baƙi mata sai Inna ta ce likita ne ya sa.

Ciki ne ya fara lafawa, sai barci ya dawo. Wata safiya ina alwala na ji tilawa na fitowa daga turaka, a hankali amma a miƙe, ba tuntuɓe. Na tsaya da buta a hannu har ya kai aya ya rufe. Da na shiga ya ɗago kai ya ce, "Garba? Yaushe ka zo? Ina ka baro ɗiyar mutane?" Bayan ya ƙara ƙarfi ya sa ni na zauna na ba shi labarin duk abin da ya faru, ban rage komai ba, don ya ce in na ɓoye masa zai tambayi Tumba. Na yi masa bayanin masara, da abin da jiki ke nema a abinci, da yadda ciki da ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, har na ba shi labarin hanjin ɓeran da nake ratayawa. Ya saurara kamar yadda yake sauraron ɗalibi mai biya karatu.

"Ashe hadda ma sai ta biya ta ciki," in ji shi. Sannan ya ce, "Ni kaɗai ka cin masarag ga a ƙasar nan?"

Na ce a'a.

"To ni ina da mata mai rufa man asiri, da ɗa wanda ya yi karatu. Wanda ba ya da su fa, a ina aka ɓoye shi?"

Ran Juma'a ya sa aka shimfiɗa buzunsa a zaure. Labari ya bazu cewa Malam ya fito daga halwa, mutane suka cika har waje, kowa na son ya sami albarkar wanda ya daɗe yana ganawa da Ubangijinsa. Inna ta aiko ni in roƙe shi ya bar maganar yadda take. Ya ce in gaya mata ya ji. Da aka natsu sai ya naɗe hannun rigarsa ya ɗaga hannuwansa, sabuwar fata ja-ja tana leƙowa ƙarƙashin baƙar.

"Jama'a, ban shiga halwa ba. Iyalina sun faɗi haka don sun ƙaunace ni, Allah ya saka masu. Yunwa ta taɓa man hankali har na kasa karatu, na kasa gane ɗana. Ba iska ba ta, ba sammu ba na. Duk mai wani a gida da hannu irin wanga, wanda ciki nai ya ɓaci, magana tai ta rikice, kada ya ɗaure shi, kada ya ɓoye shi. Ya kawo shi nan."

Ina ganin manyan ɗalibansa sun sunkuyar da kai. Na zaci shi ke nan girmansa ya zube. Amma da gari ya waye na buɗe ƙofar zaure sai na ga wani mutum daga Gangara da uwarsa a kan jaki, an ɗaure mata hannu da rawani don kada ta faɗo. Bayansa wata mata ce da mijinta. Kafin mako ya zagayo lungunmu ya zama kamar asibiti. Likitan nan na Isa yana zuwa in ya tashi aiki, ya ware waɗanda ciwonsu daban ne ya tafi da su, ni ina raba ƙwaya ina duba harshe da hannu, Yaya Tumba da 'yar Agali suna bakin tukunyar kunun gyaɗa suna faɗa suna shiryawa. Ɗaliban Malam masu hali suka fara aiko da wake daga inda suke da dangi a kudu. Ba duka suka tashi ba. Akwai waɗanda aka kawo a makare, na kuma bi gawarsu zuwa maƙabarta. Amma da yawa sun koma gida da ƙafarsu suna kiran 'ya'yansu da sunansu.

Ana cikin haka saƙon waya ya zo daga malamata. Hutuna ya daɗe da ƙarewa, wasu masu bincike a wata ƙasa sun kusa cim ma abin da muke nema, in ba zan dawo nan kusa ba dole ta ba wani abokin aikina ya ƙarasa. Ba ta yi mini rashin adalci ba, ta jira iyakar yadda za ta iya. Na shiga mota zuwa Sakkwato don in kira mahaifiyarku daga gidan waya. Ita ma tana tsakiyar karatun jinya a can, in na zauna nata ya tsaya. Na yi ta kewaye-kewaye ina kwatanta mata mutanen da ke lungu, layin yana ƙara yana yankewa. Ta katse ni.

"Baban Nana, in ka dawo ka bar su haka, jikinka kawai za ni samu. Zauna. Ni za ni haɗa kaya."

Ita kaɗai ta kwashe ɗakinmu, da goyo a baya, cikin sanyin da ba ku san irinsa ba. Ba ta ƙarasa karatun nan ba sai bayan ta haifi uku cikinku, a nan gida. Abokin aikina ya ƙarasa binciken, aka buga shi, sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Ba zan ce muku bai yi mini zafi ba. Na daɗe in na ga an ambaci aikin sai in rufe mujallar in fita in sha iska. Na kama aiki a jami'a a nan gida, da kayan aikin da rabinsu ni na haɗa da hannuna, na ƙare rayuwata ina bin sirotonin tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, ina koya wa ɗalibai su fara tambayar mara lafiya abin da ya ci. Ba wanda ya jawo ni. Malam bai ma san an yi wayar ba.

Yaya Tumba ce ta fasa masa, don ba ta iya riƙe magana. Wata hantsi ina tsugune a lungu ina duba bakin wata tsohuwa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, littafi a buɗe a cinyarsa.

"An ce ka baro sunanka can."

Na ce haka ne.

"Wanda ya sa nashi, aikin ya yi kyau a hannu nai?"

Na ce ya yi, mutumin kirki ne, ya iya aiki.

"Za ya amfani mutane?"

Na ce in sha Allahu.

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo hannunsa, wanda har lokacin bai gama saɓa ba, ya dafa kaina kamar ina ɗan yaye, ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya janye sai ya mai da idonsa kan littafin, ya gyara murya.

"To tashi. Akwai mutumin Gatawa a waje da ɗiyatai, tun da sassafe yake jiranka."